Kujera Ɗaya Zuwa Macha

Toribio Colque birkila ne a Buenos Aires, amma hancinsa aikin Macha ne, can tsaunukan Bolibiya, don a dandalin garin aka lanƙwasa masa shi. Duk shekara in sanyi ya kama, yakan jingine cebur ya tafi gida bikin Tinku, ranar da 'yan tudu da 'yan gangare suke dambe har jini ya zuba, Uwa Ƙasa ta sha, dankali ya yi kyau.

Bara aiki ya riƙe shi, ƙanƙara kuwa ta cinye gonar tsohuwarsa. Bana ta kira shi a waya ta ce, "Kana can kana yi wa baƙi katanga, ƙasarmu tana ƙishi. In ba ka zo ba, ka nemi wata uwar."

Ya ruga tasha, rataye da hular dambensa ta fatar bijimi. A tagar tikiti ya tarar da Fermin Huanca, tela, ɗan gangare, wanda ya lanƙwasa hancin nan tun suna samari.

Doña Bernardina mai yankan tikiti ta ce, "Kujera ɗaya ta rage."

Fermin ya ce, "Rubuta sunana, Doña. Wannan ai bara ma tsoro ya hana shi."

"Ni? Kai mai ɗinka wa mata ɗan kamfai?"

Toribio ya kai naushi, leɓen Fermin ya tsage. Fermin ya ɗauke shi ya maka a kan buhunan wata mata, albasa ta watse. Suka yi ta birgima, ana ihu, har Toribio ya haɗa duk ƙarfinsa ya auna haɓa. Fermin ya kauce. Ginshiƙin da ke bayansa bai kauce ba. Ƙarar ƙashin har direbobi sun ji.

Doña ta leƙo ta dubi jinin da ke kan siminti. "Shashashai! Ga mai shara nan zai goge shi da tsumma. Wane dankali ne zai tsiro a tasha?"

Ta ba Toribio tikitin, wai don shi ya fi ban tausayi.

Ya isa Macha da hannun dama cikin filasta. Ya tsaya bakin da'irar dambe, ana busa sarewa, ana ta faɗuwa, amma ba wanda ya yarda ya taɓa shi: dukan mai karaya abin kunya ne. Tsohuwa tana gefe, ta ƙi ko kallonsa.

Rana ta karkata sai ga Fermin, fari fat da ƙura, ya sauko daga motar siminti.

Toribio ya ce, "Tela, ka yi wa Allah, shigo mu dambata."

"Da hannu ɗaya? A yi da ni a gari?"

"To koma ka ƙarasa ɗan kamfan."

Fermin ya soke hannunsa na dama cikin ɗamara, ya kai naushi da na hagu. Hancin Toribio ya koma ɗaya gefen. Toribio ya durƙusa, ya sunkuyar da kai don kada ɗigon jini ko ɗaya ya ɓata a riga.

Tsohuwa ta matso, ta duba ƙasa da kyau tukuna, sannan ta ce, "Sannu da zuwa, ɗana. Ka rame."