Kiɗan da Na Sa Aka Kashe

Wankan jego ne ya kai ni Dubai, shekarar da autata ta haihu. Mijinta mutumin Maraɗi ne, yana harkar kago, wato aikawa da kaya, a kasuwar Murshid Bazaar, suna zaune a wani filat a unguwar Al Khabaisi. Suruki ne, don haka ba na zama inda yake, gaisuwa ma ta bayan labule muke yi.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya sa faifan fim a falo. Ina ɗaki ina gasa wa jaririya cibi, sai na ji wani kiɗa yana jan numfashi yana saki, kamar mai ciwon ƙirji. Na ɗaga labule kaɗan. Namiji da mace ne a talabijin, ƙirji da ƙirji, suna jan ƙafa a ƙasa. Ba mai murmushi. Kowa ya kau da fuska gefe, amma in ya taka sai ta taka, in ya tsaya cak ita ma ta tsaya, ko dubawa ba ta yi.

Na ce wa 'yata, "Gaya masa ya kashe wannan fitsarar. Gidan mai jego ne."

"Inna, tango ce fa, rawar mutanen wata ƙasa."

"Ko ta aljanu ce."

Nan take ya kashe.

Sai dai kiɗan ya ƙi barin kaina. Mu a zamaninmu mace ba ta kallon tsabar idon mijinta. Na zauna da Malam har Allah ya karɓi abinsa ban taɓa ƙare wa fuskarsa kallo ba, hoto kuwa bai yarda da shi ba. Tun rasuwarsa nake neman fuskar nan a raina, ba ta zuwa. Ranar nan, cikin kiɗan, sai ga takunsa daga zaure, ga yadda nake sanin zai juyo tun bai juyo ba, in miƙa masa buta kaina a sunkuye. Saura kaɗan fuskar ta fito aka kashe.

Na yi kwanaki ina juya maganar kafin na ce, "Wancan faifan na masu jan ƙafa, yana ina?"

'Yata ta dube ni ta gefen ido. "Fitsarar?"

"Tambayarki na yi."

Ashe don jin kunyata mijin nata ya ba wani abokinsa faifan, shi kuma ya wuce da shi Nijar. Maganar neman faifan ta kai kunnen surukin nawa. Sai ya riƙa kawo wasu daga kasuwa, ya sa, ya ƙara sauti, ya fuskanci bango ya ce, "Inna, ko wannan?" Ni kuma daga bayan labule in ce wa 'yata, "Ce masa ba shi ba ne." Duk tango ce, in ji shi. A wasu ma masu rawar har murmushi suke wa juna.

Biza ta ƙare, na dawo Kano. Har yau in ina tsintar shinkafa nakan ji maƙogwarona yana bin kiɗan. Da na kai daidai inda na sa aka kashe sai in tsaya, ban san abin da ke gaba ba.