Yankan Sallau

Duk wanda ya taɓa cin soyayyen kifi a kasuwar Yelwa ya san Sallau, kuma ya taɓa zaginsa a zuci. Ni kam na sha yi a fili. Shekara talatin yana yanka giwan ruwa, amma in ka ɗaga yankansa sama, ta cikinsa za ka hango jirgin da ke tahowa daga tsallaken kogi. In ka yi ƙorafi sai ya ce, "Wagga ba rowa ba ta, gwaninta ta."

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. 'Yarsa Murjanatu ta yi karatu har ƙasar waje, kuma aikin da ta samu can yanka ne. Wani abu mai kama da tangaran take yankawa, wanda ake sawa a bakin na'urar ɗaukar hoton cikin jiki. Wai iyakar sirancin yankan, iyakar ƙanƙantar abin da likita zai gani, har abin da ke cikin ƙwayar ido. Nata bai kai kaurin gashi ba. Da muka ji, muka ce to, rowar gidan ta samu digiri.

Bara kwatsam Sallau ya fara yanka gunduma-gunduma. Muka ce tsoho ya tuba. Na sha ganinsa yana lalube kafin ya kama wuƙa, amma na ja bakina na ci rabona. Har yau ina jin kunyar wannan.

Da Murjanatu ta zo hutu ya miƙa mata yanka guda. Ta juya shi a hannu, sai hawaye.

"Baba, tun yaushe ba ka gani?"

"Idona lahiya lau," in ji shi. Tsoronsa kada a ce Sallau ya makance, wuƙa ta fi ƙarfinsa. Ya rantse ba mai taɓa masa ido.

Ba ta yi musu ba. Cewa ta yi, "To taho ka ga irin yankana, ka hwaɗa min ko na iya."

Da wannan aka kai shi asibitin ido a Sakkwato. Likita ya ɗora masa na'urar mai irin yankan Murjanatu, ya ce yanar ido ce ta rufe idon, amma bayanta lafiya lau, za a cire. Sallau na kwance bai fasa surutu ba: "Ni na yanka siriri an zage ni, ita an ba ta albashi!"

Bayan wata biyu ya koma bakin kaskonsa. Murjanatu ta riga ta tafi, amma ta roƙe ni in aika mata hoton yankan farko. Na saya, na ɗaga shi sama. Ga jirgi can yana tahowa. Na zagi Sallau, na ɗauki hoto na tura.

Amsarta ta zo nan take: "Alhamdu lillahi, Baba ya warke."