Barau da Ɗakin Haya na Fagge

Barau mutumin Bande ne, can ƙasar Faransa, maraya, a hannun kawunsa Mainassara ya tashi. Shekarar da kumandan Magarya ya matsa wa ƙauyuka da kamun samari aikin hanya, kawun ne da kansa ya ɗaura masa guzuri ya ce ya tsallaka ƙasar Ingilishi har ƙura ta lafa. Ya bi ta Ɓaɓura a ƙasa, kwana huɗu, ya shiga Kano.

Ranin farko a wani zaure ya yi shi, su goma sha biyu, duk 'yan gida. In mutum ya fita fitsari ya dawo, sai ya tarar an cike gurbinsa. Da ya sami aikin ɗinkin buhu a wurin masu sayen gyaɗa, sai ransa ya soma son ɗaki mai ƙyaure. Ya sami labarin wani a Fagge, gidan wata tsohuwa Ɗela, sule huɗu a wata. Albashinsa ba zai ɗauki wannan shi kaɗai ba, dole sai da abokin zama.

Neman abokin ya fi neman ɗakin wuya. Na farko mahauci ne mai son ajiye fatu a ɗaka. Na biyu ya ce zai riƙa kawo baƙuwa ran Juma'a. Daga ƙarshe aka haɗa shi da Sallau, wani tela mutumin Wudil, mai ƙarancin magana, wanda ba ya da kaya sai tabarma da akwati.

Da suka je wurin Ɗela, ta dube su sama da ƙasa.

"Sharaɗina ɗaya ne," ta ce. "Ba na ba 'yan Faransa haya. Mutum ɗaya zai kama ɗaki, kafin sati ka ga goma suna layi a bakin rijiyata. Kai daga ina?"

"Daga Ɓaɓura, Iya," in ji Barau.

Maganar ta fita da sauƙi har shi kansa ya yi mamaki. Daga ranar ya soma kula da bakinsa. Ya daina zuwa zauren 'yan gida, in ya hango ɗayansu a kasuwa sai ya sauya hanya. Zama da Sallau kuwa ya yi daɗi. Suna cin tuwo a akushi ɗaya, kowa ya san kusurwarsa, ba wanda ya taɓa ɗaga wa wani murya.

Wata na bakwai, wata rana bayan azahar, Barau ya dawo daga aiki ya tarar da jaki a ƙofar gida. Kawunsa Mainassara na zaune a dakali, ƙafarsa ta dama ta kumbura da kurkunu, an naɗe ta da tsumma. Ya kawo wake ne ya sayar, ciwon ya kama shi a hanya, ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidan. Ɗela na bakin zaure tana tsince shinkafa, Sallau kuma na gefe da ɗinkinsa.

"Barau," dattijon ya ce, fuskarsa ta washe. "Ka yi ƙiba."

Ɗela ta ɗago kai. Ta riga ta ji harshen baƙon. "Wannan fa? Naka ne?"

"A'a, Iya. Wani dattijo ne da na sani a kasuwa."

Mainassara ya dubi yaron da ya goya. Bai daɗe yana dubansa ba.

"Haka ne," ya ce. "A kasuwa muka san juna. Hanyar zango nake tambaya."

Barau ya nuna masa da hannu. Dattijon ya dafa bango ya miƙe, ya ja jakinsa yana ɗingishi. Barau ya shiga ɗaki ya zauna, bai ko cire hula ba.

Can sai Sallau ya shigo ya ajiye almakashi.

"Mene ne shi a wurinka?"

"Kawuna ne. Shi ya rene ni."

"Na san kai ba ɗan Ɓaɓura ba ne tun satin farko, in ka manta, da dalar Faransa kake faɗin kuɗi. Ban ga abin magana a ciki ba. Amma wannan ƙafar ba ta kwanan zango ba ce."

Bai jira amsa ba ya fita. Kafin la'asar ta yi sanyi sai ga shi da dattijon a kan jaki. Ya tsaya gaban Ɗela ya ce, "Iya, ashe kawuna ne ta wajen uwa, ya daɗe a arewa shi ya sa ban gane shi ba. Zai kwana biyu ya ji sauƙi." Ɗela ta yi ƙunƙuni, ta ƙara sule ɗaya a kan hayar watan, ta ƙyale su.

Kwana goma sha ɗaya Mainassara ya yi a ɗakin, a kan tabarmar Sallau. Sallau ne ke wanke masa ƙafa, yana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan kowace safiya, yana ce masa Kawu a tsakar gida kowa na ji. Barau kuwa, in Ɗela na kusa, sai dai ya ce masa Malam. Yakan sayo masa fura da nama, dattijon ya karɓa ya yi godiya irin wadda ake yi wa baƙo. Sau biyu Barau ya buɗe baki zai ba shi haƙuri, sau biyu Mainassara ya kawo zancen damina.

Ran da zai tafi, Barau ya raka shi har bayan gari. Dattijon ya hau jaki ya ce, "Ka riƙe telan nan, mutum ne." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Barau bai iya riƙe shi ba. Duk lokacin da suka zauna cin tuwo sai ya kasa haɗa ido da Sallau, ko da yake Sallau bai sake tayar da maganar ba. Da labari ya zo cewa an hana aikin tilas a ƙasar Faransa, ya samo wa Sallau wani abokin zama, ya ɗaure kayansa ya koma Bande.

A gida ya tarar kowa na yi masa sannu da ƙoƙari. Mainassara ya gaya wa dangi cewa Barau ya yi jinyarsa a birni kamar ɗan cikinsa. Barau ya kasa ƙaryatawa, ya kuma kasa amsa yabon. Ya noma gonar kawun shekara tara har dattijon ya rasu, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya shida, ya zama mai awon gyaɗa a kasuwar Bande. Sai da gemunsa ya yi fari ya ba matarsa Uwani labarin, ita ce ta ba mu, mu jikokinsa.

Ya taɓa ba wani direban babbar mota saƙon zuma da man shanu ya kai Fagge. Direban ya dawo da kayan, ya ce telan ya tashi zuwa Jos tun tuni, ba wanda ya san unguwar da yake.