Inna da ɗakin hutu na filin jirgin Paris

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani magaza, wato babban ɗakin ajiyar kaya, a Vénissieux, gefen Lyon, bankina ya yi mini tayin katuna biyu na matafiya. Kowanne akwai kuɗin da ake biya duk shekara, kuma kowanne yana tara maki idan ka yi sayayya da shi. Bambancinsu guda ne. Na farko yana ba ka ƙarin akwati a jirgi. Na biyu yana buɗe maka ɗakin hutu na filin jirgi, wanda suke kira salon, kai da baƙo ɗaya.

Ni ba na yin abu da gaggawa. Da farko na tabbatar babu ruwa a kan kuɗin, ƙarshen wata kawai ake cire abin da ka kashe. Bayan haka na kira abokina da ke Aubervilliers, wanda ya girme ni a ƙasar nan.

Ya ce, "Malam, wannan har sai ka tambaya? Ɗauki na akwati. Mu ba yawo muke zuwa gida ba, kaya muke kaiwa."

Gaskiya ya faɗa. Amma na daɗe ina wuce ƙofar gilashin nan a filin jirgin Paris, ina ganin mutane na shiga da 'yar jaka, suna fitowa fuska a sake. Ina so in san abin da ke ciki. Ga kuma mahaifiyata, wadda ta zo daga Damagaram lokacin da matata ta haihu, zan raka ta gida. Tana da ciwon suga, ga ciwon gwiwa, kuma jiran jirgin Yamai yana da tsawo. Na ɗauki na biyu. Abokina ya riƙa kirana Alhaji Salon har na daina amsa wayarsa na ɗan lokaci.

Ranar tafiya komai ya bi tsarina. Muka hau jirgin ƙasa daga Lyon da safe, muka ba da kaya, muka wuce bincike. Inna ta ƙi cin komai a hanya, wai cikinta ba ya son girgiza. Ban matsa ba, don na san abinci na jiranmu.

Muka shiga ɗakin hutun. Ciki shiru ne, kujeru masu laushi, kowa da abin da ke gabansa. Ga dogon teburi cike da burodi, ƙwai, shinkafa, kifi da 'ya'yan itace. Na zaunar da ita, na cika faranti da abin da na san ya halatta, na ajiye a gabanta. Ta dube shi, ta dube ni.

"Gidan wa ne nan?"

"Inna, ba gidan kowa ba ne. Katin da na ɗauka ne ya shigo da mu."

"Kati ne ya dafa?"

Na ce mata an riga an biya, nata ne. Ta ce ita tun da aka haife ta ba ta taɓa shiga wuri ta ɗebi abinci ba tare da ta gaida masu gida sun ce mata bismillah ba, kuma ba a Paris za ta fara ba. Na yi bayani da tsari, na sake yi. Ta naɗe hannu cikin mayafi. A nan na ga hannun yana rawa. Azahar ta wuce, ba ta ci komai ba tun asuba, kuma na san abin da ke biyo bayan wannan rawar idan aka bar ta.

Ina tsaye na rasa na yi, sai wata mata mai kwashe faranti ta zo wucewa, dattijuwa ce Bafaranshiya mai furfura. Kafin in yi magana Inna ta miƙe da ƙyar, ta shiga gaishe ta da Hausa. Ina wuni, ina gajiya, ina yara, yaya sanyi. Matar ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta ajiye tiren hannunta, ta tsaya har Inna ta gama. Sannan ta nuna farantin da hannu biyu ta ce, "Allez-y, Maman, mangez."

"Me ta ce?"

"Ta ce ki ci, Inna."

"To, ka gani? Da ka nemo ta tun ɗazu."

Ta ci, ta sha maganinta, ta ɗora ƙafa a kan kujera ta yi barci. Da aka kira jirginmu ta ce ba za ta fita ba sai ta yi sallama da matar gida. Dole na je na nemo ta, Inna ta ciro ɗan kwalin sabulu mai ƙamshi daga jakarta ta danƙa mata.

A Damagaram duk wanda ya zo sannu da zuwa sai ta ba shi labari cewa ta sauka gidan wata mata a Paris, mutuniyar kirki, sai dai baƙinta ba sa gaisawa.

Har yau ina da katin. Na ga abin da ke bayan gilashin, kujera ce da abinci da shiru. Abin da nake ta juyawa a raina shi ne yadda na ɗebi abincin nan ran nan ban nemi kowa ba, kuma ban ji komai ba. Ban san a wace shekara na koyi hakan ba. Inna ta rasu yanzu. Duk lokacin da na shiga ɗakin, sai na nemi mai kwashe faranti na gaishe ta kafin in ɗauki cokali.