Kawu da Shafin Ƙarshe

Shekara da shekaru ina bin jerin littattafan Faransanci na wani ɗan bincike mai zaman kansa, amma ko guda ban taɓa gano mai laifin da kaina ba. Kawuna ne sila, yayan mahaifiyata, mai shagon atamfa a babbar kasuwar Garwa. Ni na fara ara masa, don haka ni na jawo wa kaina.

Tsofaffin littattafai ne da ake bazawa a ƙasa kusa da tashar mota. Duk wanda na samo sai ya bi ta hannun Kawu tukuna, don shi ne babba. Shi kuwa daga shafin ƙarshe yake farawa. Washegari in na durƙusa gaida shi, kafin in gama tambayar gajiya sai ya ce, "Lafiya lau. Ashe likitan nan ne ya zuba gubar." Haba jama'a! Ni ko bangon ban buɗe ba.

Na yi ƙorafi cikin ladabi. Ya ce, "Ɗan nan, tunda nake sayen yadi ban taɓa karɓar bandir ban warware shi har ƙarshe ba. A can ake ɓoye aibi." Na ɓoye littafi a ƙarƙashin kujerar babur, ya aika garin Marwa aka kawo masa irinsa. Na kai ƙara wurin Inna, ta ce a kan ƙaryar Nasara zan ɓata da kawuna? Kuma ba a toshe kunne a gaban babba. Haka na yi ta haɗiye takaici.

Abu ɗaya ya rage mini. Tun a littafin farko aka kashe matar ɗan binciken, kuma sai a na ƙarshe za a bayyana wanda ya yi. Na rantse wannan kam da idona zan gano.

Lokacin da wani direba ya kawo mini littafin ƙarshen daga Ngaundere, Kawu yana kwance a gida, ciwon suga ya cinye masa ido. Allah ya yafe mini, na ji daɗi. Na ce zan riƙa karanta masa babi ɗaya kullum bayan la'asar, daga farko, kamar yadda mutanen kirki suke yi.

Kwana huɗu muna tafiya lafiya. Rana ta biyar ya lalubo hannuna ya ce, "Warware mini bandir ɗin."

Na ce, "Kawu, saura babi goma sha biyu fa."

Ya ce, "Na san sauran littafin. Sauran kwanakina ne ban sani ba."

Wallahi haushi na ji. Duk shekarun nan, kuma yanzu da bakina zan ɓata wa kaina! Na juya shafin ƙarshe na karanta masa. Abokin aikin ɗan binciken ne, wanda suke cin abinci tare tun littafin farko. Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Dama ban taɓa yarda da shi ba."

Ranar Juma'ar makon ya rasu. Babi goma sha biyun nan har yau ban karanta su ba. Na sayi wani sabon jerin, ga shi babu mai riga ni faɗar ƙarshe, amma na kasa wuce shafi na ashirin.