Sunan da Na Goge

A shagon buga takardu na kawuna a Bawku na fara taɓa kwamfuta, cikin shekarun casa'in. Tsoronta nake ji sosai. Ko ƙara ta yi sai in ɗauka na lalata masa ita.

Wani wakilin alhazai ya ba mu aikinsa. Ba shi da ofis sai jaka. Yakan tattaro sunayen maniyyata daga Salaga da Yendi da nan Bawku, mu buga, mu tura Akra ta faks. Kawu ya ja mini kunne cewa in kula, kada suna ya fito sau biyu.

Ran nan kuwa na ga suna ɗaya sau biyu, har sunan uba iri ɗaya. Na ce ai ni na maimaita. Na goge ɗaya, har ina jin kaina gwana. Ni da aka haifa a zango, unguwar Musulmi, inda in ka kira suna ɗaya mata biyar za su waiwayo!

Bayan mako guda ina tattara takardun hannun wakilin, sai na ga mata biyu ne: ɗaya 'yar Yendi, ɗaya 'yar Salaga. Ta Salaga na goge. Kwana uku na kasa cin abinci, na kasa faɗa wa kowa. Duk motar da ta tsaya a ƙofa sai in ce ni aka zo nema. Ranar da na yi ƙarfin halin faɗa wa kawu, ya buga waya Akra, aka ce an rufe karɓar sunaye tun jiya.

Wakilin ya kawo 'yar Salagan shagon da kansa, wai ta ji daga bakinmu. Tsohuwa ce mai sayar da goro, ta riga ta yi sallama da dangi, likkafaninta na cikin akwati don ta tsoma shi a zamzam.

Ta dube ni ta ce, "Yarinya na, injin bai rubuta ni ba?"

"Bai rubuta ba, Mma."

"To, Allah bai kira ni bana ba. Kar ki yi kuka."

Ta danƙa mini goro biyu. Na karɓa da hannun da ya goge ta, ban faɗa mata ba. Da shekara ta zagayo sunayen Salaga suka zo, sau uku na bi su da yatsa. Babu nata.