Bangane da Duniyar da Ta Lotse

Sunanta na yanka yana nan a takardar haihuwa, amma tun tana aji biyu na firamare ba mai kiranta da shi. Duk abin da malami ya rubuta a allo, kafin ya ajiye alli sai ka ga wani siririn hannu ya miƙe daga bencin gaba.

"Malam, ban gane ba."

In an sake bayani, sai ta karkata kai ta ce, "Farkon na gane, ƙarshen ne ban gane ba."

Da haka 'yan aji suka laƙaba mata Bangane. Sunan ya biyo ta har gida, ya zauna daram. Mahaifinta, mai gyaran keken ɗinki ne a bakin titi, shi ma da sunan yake ƙwala mata kira in yana son a miƙo masa man keke.

Gaskiyar magana, kanta ba mai saurin ɗauka ba ne. Ranar da ta kawo sakamakon aji huɗu, ta zo ta talatin da shida cikin yara arba'in. Baba ya goge hannu da tsumma, ya riƙe takardar nesa da ido, ya ce, "To, alhamdu lillahi, akwai mutum huɗu a bayanki. Su ma iyayensu suna nan da ransu." Umma kuwa, wadda ke aikin shara a asibiti, sai ta ja dogon numfashi ta ci gaba da ninke kaya. Wannan numfashin ya fi duka yi wa Bangane zafi.

Wata malama ce ta ba ta shawara. Ta ce in tana son ta san ko ta fahimci darasi, ta je gida ta koya wa wani. In wancan ya gane, to ita ma ta gane.

Ta fara da Baba, amma shi da an ambaci lissafi sai ya hau gyangyaɗi, sukudireba a hannu. Umma kuma a gajiye take dawowa. Saura mutum ɗaya a gidan da ke da lokaci har ya yi mata yawa, wato Kaka, mahaifiyar Baba, mai ɗan ɗaki kusa da ƙofar gida. Kaka ba ta taɓa shiga aji ba, amma in gardama ce, a unguwar nan ba ta da na biyu.

Kullum bayan la'asar Bangane za ta shimfiɗa littattafanta a ƙasa gaban gadon tsohuwa. Kaka ta jingina da matashi, sandarta a gefe, ta ce, "To, malamar ƙarya, yau me aka ƙirƙiro?"

Ba abin da Kaka ke karɓa a banza. Ranar da aka zo kan lambobin da suka gaza sifili, sai da ta tashi zaune.

"Ke 'yar nan, abin da bai kai babu ba? Babu ai ita ce ƙarshe. Wa ya taɓa wuce babu?"

Kwana uku Bangane tana fama. Ta koma wurin malamin lissafi sau biyu, ta cika shafi shida da zane. A rana ta huɗu ta ce, "Kaka, tsakar gidan nan ita ce sifili. In kin hau tsani, kin yi sama, ɗaya, biyu, uku. In kuma kika faɗa rami fa?"

Kaka ta taɓe baki. "Wannan na yarda," ta ce, "amma don na taɓa faɗawa rami ne, ba don wayonki ba."

Abin da Bangane ba ta lura da shi ba, duk darasin da ya tsallake Kaka, ba jarrabawar da ke iya kayar da ita a kansa. Daga ta talatin da shida ta dawo ta ashirin da biyu. Ta shiga sakandare tana ta goma sha ɗaya a aji. Hannun nan dai bai daina miƙewa a aji ba, sai dai masu dariyar sun ragu, don da yawansu sun gano cewa su ma ba su gane ba, kunyar faɗa ce kawai take hana su.

A aji uku na sakandare aka zo inda Kaka ta kafe. Malamin labarin ƙasa ya koyar cewa duniya dunƙulalliya ce kamar ƙwallo, kuma juyawa take yi, shi ya sa ake samun dare da rana.

"Shekara saba'in da wani abu ina zaune a kanta," in ji Kaka, "ban taɓa jin jiri ba. In juyawa take yi, me ya sa kullum ƙofar ɗakina tana kallon igiyar shanya? Ko sau ɗaya ai da na tashi na gan ta tana kallon kasuwa."

Bangane ta zana a takarda, Kaka ta ce takarda shimfiɗaɗɗiya ce, ta goyi bayanta. Ta kawo lemo ta soka masa tsinke tana juyawa, Kaka ta saurara da kyau har ƙarshe, sannan ta karɓi lemon ta ɓare ta shanye.

Akwai ƙwallon taswirar duniya guda ɗaya tak a makarantar, shuɗi mai sheƙi, a kan kabad ɗin ajinsu. Ranar ƙarshen mako sharar aji ta faɗo kan Bangane. Kowa ya watse, daga ita sai tsintsiya sai ƙwallon nan yana kallonta. Ta ce a ranta aro ne, ranar Litinin da sassafe za ta mayar kafin kowa ya zo. Ta saka shi a kwali ta rufe da rigar sanyi, ta fita da shi.

Washegari da hantsi ta saki labulen ɗakin Kaka, ta ɗora ƙwallon a kan tebur, ta haska shi da tocila.

"Tocilar nan ita ce rana. Kin ga nan haske, can duhu? To kalli in na juya."

Kaka ta matso. A karon farko abin ya ɗauki hankalinta. "Kawo in gwada," ta ce. Ta sa tafin hannu ta wulwula shi da ƙarfin da ba wanda ya san tana da shi. Ƙusar saman ta yi tsalle. Duniya ta sauko daga kan tebur, ta gangara ta nufi ƙofa, inda bokitin ruwa yake.

"Tsaya nan!" in ji Kaka, ta ɗaga sanda ta sauke mata.

Ta tsaya kuwa. Teku guda ya lotse, ƙwallon ya dare biyu daga tsakiya. Kaka ta leƙa ciki ta ce, "Au! Ashe ma ba komai a cikinta."

Bangane ta tattara ɓangarorin biyu ta tura ƙarƙashin gado. Litinin ta tafi makaranta hannu wofi.

A taron safe shugabar makaranta ta hau dakali ta sanar cewa an sace ƙwallon taswira. Tun kafin ta rufe baki, idanun ɗalibai ɗari shida suka juya kan yarinya ɗaya. Guguwa ake ce mata, 'yar ajin su Bangane. Ita ce ta taɓa ɓoye ƙararrawar makaranta, ita ce ta sa kwaɗo a aljihun teburin malamin Turanci. Aka fito da ita gaba. Ta yi rantsuwa har muryarta ta dushe, ba wanda ya yarda. Shugaba ta ce za ta koma gida na mako biyu, in ƙwallon bai fito ba kuma kada ta dawo.

Bangane tana cikin layi. Ta ga hawaye a idon Guguwa, abin da ba a taɓa gani ba. Ba ta san lokacin da hannunta ya miƙe ba.

Wata daga baya ta ce, "Ba ta gane ba!" Fili ya ɗauki dariya.

Shugaba ta gyara tabarau. "Mene ne ba ki gane ba a nan?"

"Na gane, Malama. Ni ce na ɗauka."

Dariyar ta ɗauke ɗif.

A ofis ta faɗi komai, tun daga lemo har sanda. Shugaba ta haɗe rai. Malamin labarin ƙasa kuwa ya juya yana kallon taga, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu ya saita fuskarsa, ya tambaya, "To yanzu tsohuwar ta yarda tana juyawa?"

"Ba ta yarda ba, Malam."

Nan ya nemi izini ya fita, aka jiyo shi yana tari a baranda.

Shugaba ta ce niyya mai kyau ba ta mayar da ɗaukar kayan mutane aro. Ta yanke hukunci: a gyara ƙwallon, kuma Bangane ta share laburare kullum bayan an tashi, har ƙarshen shekara.

Baba ne ya yi gyaran a shagonsa, tsakanin kawunan kekuna. Ya zuba wa tekun ruwan zafi, ya turo shi daga ciki da ƙotar guduma, ya haɗa ɓangarorin da gam. Bai ɗaga kai ba ya ce, "Da kin roƙa, da wataƙila sun ba ki. Kada ki sake. Amma da kin bar 'yar mutane ta tafi gida a kan laifinki, da ban san da wane ido zan dube ki ba." Da gam ya bushe aka ga saman ya goce da faɗin yatsa ɗaya, koguna suna zuwa tsakiya su yanke, su ci gaba a gefe. Haka aka mayar da shi. Kaka ta aika da saƙo cewa a gaya wa shugaba kayansu ba su da ƙwari.

Mai kula da laburaren wani dattijo ne da ba ya son abu biyu a rayuwa, ƙura da surutu. Ya miƙa mata tsintsiya, ya nuna mata wasu kwalaye bakwai a lungu. Tsofaffin takardun jarrabawar fita ne na shekara goma sha biyar, a cakuɗe. Ya ce in ta gama shara ta jera su. Bangane ba ta iya riƙe tambaya a hannu ba tare da ta gwada amsawa ba, don haka aikin mako ɗaya ya ci wata biyar. Dattijon ya ga abin da take yi, daga nan kullum sai ta tarar da wani littafi a kan tebur, an sa takarda a shafin da take buƙata.

A mako na biyu Guguwa ta leƙo, ta jingina da ƙofa.

"Shekara uku ina ɓarna ba a kama ni da hujja ba," ta ce. "Ranar da ban yi komai ba aka kama ni."

"Ki yafe ni. Na bar ki a tsaye kina rantsuwa."

"Minti goma sha biyu, na ƙirga." Ta zaro takardar da ke hannun Bangane ta duba. "Wannan ai ba haka ake yi ba. Matsa."

Ashe Guguwa lissafi a jininta yake, zama wuri ɗaya ne ba ta iya ba. Suka yi musaya, ita ta koya wa Bangane gajerun hanyoyin lissafi, Bangane ta riƙe ta a kujera har su gama shafi. Dattijo ya kore su sau uku saboda dariya, sau ukun kuma ya bar ƙofa a buɗe.

Horon ya ƙare, Bangane ba ta daina zuwa ba. A shekarar ƙarshe mabuɗin laburaren ma a jakarta yake kwana. Da jarrabawar fita ta zo, ta ci darussa tara cif, ta zo ta biyu a makarantar. Ta ɗaya ba ta taɓa zuwa ba a rayuwarta, kuma abin bai dame ta ba. Guguwa ma ta haye, har malamin Turanci ya ce a sake duba sunan.

Gurbin karatu kyauta guda ɗaya aka ba makarantar a jami'a, aka ce shugaba ta zaɓa cikin ɗalibai biyar na sama. Ta zaɓi Bangane. Da wani malami ya nuna cewa akwai wadda ta fi ta maki, shugaba ta ce ta sani, amma ita ta ga abin da wannan yarinyar take yi ranar da gaskiya ke da tsada.

Bangane ta karanci ilimin yanayi. Kaka ta rasu jikar tata tana shekara ta biyu a jami'a, kuma har ta koma ga Allah matsayinta ɗaya: mai yiwuwa duniya tana juyawa a makaranta, amma a gidan nan a tsaye take. Bangane ta daɗe in ta koyi sabon abu sai ta ji ba ta da wanda zai ƙaryata ta.

Yanzu tana aiki a ofishin hasashen yanayi, wani ɗaki mai kwamfutoci huɗu da fanka mai ƙara. Ita ke rubuta bayanin da ake karantawa a rediyo da safe. Baba ba ya buɗe shago sai ya saurara, kuma duk telan da ya kawo gyara sai ya ji cewa 'yarsa ce ke faɗin ruwa.

Kwanakin baya rediyo ta ce da wuya a yi ruwa. Baba ya fito da kawunan kekuna goma sha ɗaya ya jera a bakin titi, ya kwance su zai sa musu mai. Kafin azahar sama ta ɓalle. Ya kira ta a waya, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Ke, a ina kika yi karatun nan naki?"

"Baba, cewa na yi da wuya. Kashi ashirin cikin ɗari."

"To kashi ashirin ɗin nan gaba ɗaya a shagona ya sauka."

Ta aika masa da babbar lema da tamfol. Ya kafa lemar a ƙofar shago, ya shanya kekunan kwana biyu. Da wani tela ya so ya tsokane shi, Baba ya ce yarinyar ta faɗa, shi ne bai saurara da kyau ba.